Filin Tambaya da Amsa: Shayi da Biredi a Zamanin Ummarun Dallaje?

Tambaya: Anti salamu alaikum, dan Allah ina rubuta wani labari ne da nake turawa a guruf ɗinmu na WhatsApp, labarin wata yarinya ce 'yar gidan marina a birnin Katsina lokacin da Ummarun Dallaje ya karɓi gari, shi ne wata ta ce wai na cika shirme dan na sa sun karya da shayi da biredi, ni kuma gani nake ai ƙagaggen labari ne, dole ne sai na yi bincike? Daga wata ƙanwarki a Ƙofar Kaura.

Amsa: Wa alaikumussalam ƙanwata. Kar ki ji haushinta, wallahi gata ta yi miki. Yarinyar taki ce, ki ba ta sunan da kika ga dama, ki aurar da ita ga wanda kika ga dama, amma tunda kika ambaci Ummarun Dallaje kin ɗaure kanki da 1807, kuma a 1807 fura ce da koko da ɗumamen tuwon dawa, babu mai shayi a bakin titi, titin ma babu.

Sunan sarki da shekara ba su ne wahala ba, wannan ko a intanet kin samu. Inda marubutanmu ke faɗuwa shi ne ƙananan abubuwa, sai ki ji jaruma ta ciro sulalla ta biya alhali wuri ake kashewa, ana ƙirga shi dubu-dubu, ko a ce "ƙarfe huɗu za mu haɗu" a garin da lokaci hantsi ne da azahar da la'asar, ko saurayi ya fita bayan gari da dare ya dawo abinsa kamar ba ganuwa ba masu tsaron ƙofa. Tunda gidan marina kika zaɓa, ki je karofi ki zauna ki ga yadda ake haɗa baba da toka, ki ji warin da hancinki, ki kalli hannun marini, wannan kaɗai zai ba ki babi guda. Ki san me fatake ke shigowa da shi, gishiri daga Bilma a kan raƙuman Azbinawa, goro daga Gwanja.

Sai ki leƙa gidan tarihi da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina, ki hau hasumiyar Gobarau in an bar ki, ki nemi binciken marigayi Dakta Yusufu Bala Usman a kan Katsina, da Turanci ne kuma yana da nauyi amma ki daure. Baturen Jamus ɗin nan Barth ya zo Katsina a 1851, ya tarar da ganuwa mai faɗi amma mutane a ɗan ɓangare kawai, ciniki ya koma Kano, kin ga yarinyarki in ta yi tsawon rai da idonta za ta ga garin yana raguwa, ni da ni ce ma nan zan karkata labarin.

Tsofaffi kuwa ki tambaye su, sai dai kowa da gidan da ya fito. Sarakunan Haɓe da aka kora Maraɗi suka koma suka kafa, kuma yadda ake ba da labarin yaƙin jihadin a can daban yake da na nan, in kina da dangi a Maraɗi ki buga musu waya ki ji nasu. Ki kiyaye sa wa sarki ko malami na gaske maganar da bai faɗa ba, jikokinsu suna nan cikin gari, wata ƙila ma a guruf ɗin naku. Ki bar sarki da malaman can nesa, yarinyar ta riƙa jin labarinsu a bakin mata wajen ɗiban ruwa.