Amsa: gonar da mahaifinku ya ce a yi wakafi da ita

Ɗan'uwa, Allah Ya jiƙan Baba. Ka ce kafin rasuwarsa a Ƙaura Namoda ya ce gonarsa ta fadama ta zama wakafin masallaci, gidan kuma na autanku ne, yanzu yayyenka sun ƙi.

Fara da tambaya ɗaya: yaushe ya faɗa? In da lafiyarsa ya yi, ya damƙa gonar hannun masu kula da masallaci har suka noma ta, wakafi ya tabbata, ta fita daga gado. In kuwa yana kwance cikin ciwon ajali ne, a mazhabar Malikiyya wasiyya ce, ba za ta wuce sulusin dukiya ba, bayan an fitar da kuɗin likkafani da bashi.

Maganar gida ita ta fi damuna. Auta magaji ne, kuma babu wasiyya ga magaji sai in sauran magada sun yarda. Kada a matsa wa ƙannenku mata su yafe rabonsu don kunya. Na ga inda aka yi haka, zumunci bai sake daidaita ba.

Ku nemo mutum biyu adilai da suka ji maganar daga bakinsa, ku kai gaban alƙalin kotun shari'a, ya raba a rubuce.