Amsa ga Abba a kan kalmar Baba

Abba, saƙonka ya iso, mun gode Allah da kana lafiya cikin sanyin Rasha. Ka ce abokan karatunka sun kwashe da dariya da suka ji kana ce wa mahaifinka Baba a waya, don a harshensu baba mace ce, tsohuwa ko 'yar ƙauye, kuma ba da girmamawa ake faɗinta ba. Ka tambaye ni ko wurin Larabawa muka aro ta, da kuma me ya sa a gidanmu uba Baba ne, ƙanwarsa ma Baba ce.

Mu fara da ta gida. A rubuce ne kawai kake ganinsu ɗaya, don rubutun boko ba ya nuna hawa da saukar murya. Faɗa da bakinka ka ji. In za ka kira mahaifinka, da ƙasa kake farawa ka ɗaga. In goggonka ce, da sama kake farawa ka sauke. Ko yaron da bai shiga makaranta ba ba ya rikita su. Ga kuma baba na rini, wanda marina ke jiƙawa da toka a rijiyoyin Ƙofar Mata a Kano. Shi muryarsa a sama take gaba ɗaya, ana jan ƙarshen. Akwai ta huɗu, baba na fada, wato namijin da aka dandaƙe, jam'insa babanni, waɗanda tarihin Kano ya ce Muhammadu Rumfa, da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya naɗa su a manyan muƙamai. Kalma huɗu ke nan, kowace da gidanta.

Maganar aro kuwa, ban yarda ba. Gaskiya ne yaran Larabawa suna cewa baba. To amma Yarabawa ma uba baba ne, haka Fulani, haka masu Suwahili, haka Turkawa, har mutanen Sin. A Indiya sukan kira dattijo mai ibada baba. A Jafan kuma tsohuwa ce, kamar a inda kake. Wa ya ara wa wa a nan? Wani ayari ne ya ɗauke ta daga Sin ya sauke a Oyo?

Ka lura da jariri ɗan wata shida ko bakwai a cinyar uwarsa. Yawu na dalala, leɓe na haɗuwa yana rabuwa, sai ka ji ba-ba-ba, ma-ma-ma. Bai kira kowa ba, abin da bakinsa ya fara iyawa ke nan. Manyan da ke zaune kusa su ne ke yin caraf su ce ai da ni yake. A wata ƙasa uba ya riga kowa amsawa, a wata kuma kaka. Wani masanin harshe haifaffen Rasha, Roman Jakobson, ya yi wannan bayani tun 1960. In kana son shaida kusa da kai, nemi ɗan Jojiya, maƙwabciyar Rasha, ka tambaye shi: su uba ne mama, uwa kuma deda.

Ba ina cewa ba ma aro ba. Kawu da baffa da goggo duk daga Fulatanci suka shigo, zama tare da auratayya suka zaunar da su. Shi ya sa wani gida Goggo, wani gida Baba, alhali mace ɗaya ake nufi. Wanda ya ce ƙanwar uba Baba, yana nuna cewa ita da uban ciki ɗaya suka fito, maganarta a kan aurenka ko sunan ɗanka ba ta faɗuwa ƙasa. Wannan ne nake so ka riƙe, don na ga yaran yanzu sun koma anti, wadda ake ce wa kowace mace a kasuwa, har ba a gane wa ke da haƙƙi a kan wa.

Kai kanka abin ya shafe ka. Sunan kakanka aka mayar maka, kunya ta hana mahaifinka da mu 'yan'uwansa kama sunan ubanmu, sai muka ce Abba, kamar yadda wasu gidaje ke cewa Babangida. A Borno kuwa Abba laƙabin 'ya'yan gidan Shehu ne.

Don haka ka ci gaba da kiran mahaifinka yadda ka saba, ko a gaban wa. Mutanen gida duk suna gaishe ka.

Baffanka