Lissafi da kwamfuta: in biya ƙarin kuɗin ko in bari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Makarantar kuɗi da ɗana mai shekara shida yake zuwa a nan Aboabo, Kumasi, ta ƙara mana kuɗi a kowane zango, wai za a riƙa koya wa yara lissafi da kwamfutar hannu. Koko da ƙosai nake sayarwa, kowane sidi da inda na tanade shi. Shin abin yana da amfani? Daga wata uwa a Aboabo.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Na'ura ita kaɗai ba ta koyar da yaro. Ƙasar Peru ta raba wa 'yan firamare dubban ɗaruruwan kwamfutoci, amma binciken da bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka ya fitar a 2012 bai ga makinsu na lissafi ya ƙaru ba.

A birnin Vadodara na Indiya kuwa an ga amfani, kamar yadda Abhijit Banerjee da Esther Duflo da abokan aikinsu suka bayyana a 2007. 'Yan aji huɗu ne, bibbiyu a kan kwamfuta ɗaya, awa biyu a mako, suna wasannin lissafi da ke ƙara wuya ko sauƙi gwargwadon ƙoƙarin yaro, kuma makinsu ya tashi sosai. Sai dai shekara ɗaya bayan tsayar da shirin, yawancin ribar ta dushe. Tsadarsa ta kai kimanin dala 15 ga kowane yaro a shekara, alhali ɗaukar 'yan matan unguwa su zauna da yaran da aka bari a baya bai kai dala 3 ba, kuma shi ma ya yi tasiri. Ki lura, waɗannan yara sun girmi naki. Ɗan shekara shida ya fi buƙatar ya ƙirga abin da hannunsa ke taɓawa.

Saboda haka ki je wurin hedimasta ki tambaye shi minti nawa ɗanki zai riƙe na'urar a mako, yara nawa ke raba ta, ko malami na zaune tare da su, da kuma yadda darasin zai kasance ranar da aka ɗauke wuta. Idan amsoshin sun gamsar da ke, ki biya na zango ɗaya kawai. Kafin a fara, ki zuba masa marafan kwalba ashirin ya ƙirga, ya haɗa, ya ɗebe, ki riƙe inda ya tsaya, sannan ki sake gwada shi ranar da aka ba da hutu kafin ki biya na zango na biyu.