Amsa: mi ya haɗa mu da jiragen da suka nutse?

Malam, ka ce mu 'yan Damagaram ko teku ba mu da, ina ruwanmu da binciken jiragen da suka nutse. Wallahi akwai ruwanmu. Jirgin Uluburun da aka gano a tekun Turkiyya a 1982 ya fi shekara 3000 ƙarƙashin ruwa, an fiddo jan ƙarfe wajen tan 10 da hauren giwa har da ƙwan jimina, irin wanda kakanninmu ke kafawa bisa ɗaki. Kuma ga Dufuna nan jihar Yobe, a 1987 wani Bafillace yana haƙar rijiya ya ci karo da kwalekwale mai shekara wajen 8000, tsawonsa ya wuce mita 8, itace guda aka fafe. In Allah ya kai ni Damaturu sai na gan shi da idona.