Yaushe ɗan wasan besbol yake samun lokacin iyalinsa?

Malama, kin tambaya ko mijin ƙanwarki mai buga besbol (wasan dukan ƙwallo da sanda) a babbar gasar Amurka zai zauna gida idan kakar wasa ta ƙare. Zai zauna, amma ba da daɗewa ba. Wasa 162 suke bugawa daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, rabi a garuruwan wasu. Tsakiyar Fabrairu kuma an koma atisaye a jihar Florida ko Arizona. Nuwamba zuwa Janairu ne rabon iyali, shi ma da motsa jiki kusan kullum. Wasu 'yan Benezuwela ma gasar hunturun ƙasarsu suke wucewa. Shawarata, shi da ƙanwarki su tsayar da magana tun Satumba, ya bar wa yara Disamba sukutum, har kai su makaranta ya koma hannunsa.