Ta sha kodin da ciki, yanzu jaririn ya ƙi daina kuka: in faɗa wa likita?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, daga Angwan Rogo nake nan Jos. Matar yayana ce ta haihu yau kwana uku, yaron sai kuka ba dare ba rana, ga karkarwa ga zawo, in ya kama nono sai ya saki. Ƴan gida sun ce mayu ne ana ta masa hayaƙi, amma ni na san tana shan kodin da tiramol tun kafin cikin, ta ba ni amana kar in faɗa wa kowa. In na faɗa na ci amana?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ƴar uwa ki ajiye wayar nan ku kai yaron asibiti yau, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) ko wanda ya fi kusa, ki ja likita gefe ki faɗa masa abin da take sha da ranar da ta sha na ƙarshe. Wajibi ne a kanki, ba cin amana ba ne, don babu amanar da ake riƙewa a kan ran jariri, Annabi (SAW) ya ce "la darara wa la dirara", ba cuta ba cutarwa. Amma likita kawai, ba ƴan barka ba, sauran asirinta ki rufa mata.

Abin da kika siffanta likitoci sun san shi. Kodin ko tiramol ɗin da uwa ta sha yana ratsa mabiyiya ya kai ga ɗan, wata da watanni jikinsa ya saba, ranar da aka yanke cibiya sai abin ya yanke masa lokaci guda, shi ya sa daga kwana ɗaya zuwa uku, wani har ya kusa sati, za ki ga kuka mai ƙara, atishawa da hamma ba ƙaƙƙautawa, jiki ya sanƙare, wani har jijjiga. Zawon nan ma kaɗai a cikin sanyin Jos ya isa ya ƙarar da jinjiri. A asibiti ana naɗe shi da zani a ɗaki mara hayaniya, a ɗora shi a ƙirjin uwarsa, in ya yi tsanani a ba shi magani kaɗan kaɗan ana ragewa. Addu'a ku ci gaba da yi, hayaƙin dai a bari, huhunsa bai yi ƙwari ba.

Shan kodin don maye haramun ne, Ummu Salama ta ruwaito cewa Annabi ya hana duk abin da ke sa maye ko ya kashe jiki, yana cikin Abu Dawud, kuma mai ciki laifinta biyu ne tunda da haƙƙin wani a kai. Gwamnati ta hana yi da shigo da sirop mai kodin tun 2018 amma wallahi har yau yana shiga ɗakunan matan aure, abin yana ci min rai. Duk da haka ƙofar tuba a buɗe take, kuma wadda ta riga ta kamu tana da ciki kar ta yanke da kanta dare ɗaya, cikin na iya zubewa ko ta haihu bakwaini, ta faɗa wa likita a wajen awo. Maganin da zai ɗora ta a kai halal ne saboda lalura. Maganar shayarwa ma shi zai yanke.

Yaron kuwa ba shi da laifin komai, Allah ya ce "wa la taziru waziratun wizra ukhra", wani ba ya ɗaukar laifin wani. Wasu irinsa sukan yi jinkirin magana ko rashin natsuwa a aji, da yawa kuma suna tashi lafiya lau in sun samu kulawa, toh ku sa masa ido har ya shiga makaranta, kuma kar in ji ana kiransa ɗan ƙwaya. Wallahu a'alam.