Me ya sa i7 ɗinka ke jan ƙafa a gaban i5 ta abokinka

Malam, ka ce laftop ɗinka mai Core i7-7500U ce, ta abokinka kuma Core i5-8250U, amma in kuka zo fitar da bidiyo, wato mayar da bidiyon da aka tace ya zama fayil guda, yakan riga ka gamawa nesa ba kusa ba, alhali taka ce mai babban suna da yawan GHz. Ba a yi maka algus ba, i7 ce ta gaskiya. Sai dai ba daga sunan ake gane ƙarfin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ba.

Duba lambar farko bayan ɗan layin nan. Bakwai ɗin da ke 7500U na nufin janareshon na bakwai, wanda Intel ta fitar a 2016. Takwas ɗin 8250U kuwa na takwas ne, na 2017. A tsakanin waɗannan biyun ne kamfanin ya ninka yawan core, wato injinan lissafin da ke cikin furosesar, a jerin i5 da i7 masu harafin U. Taka na da biyu, tasa huɗu. Taka tana tashi daga 2.7 zuwa 3.5 GHz, tasa daga 1.6 zuwa 3.4. A aikin da core ɗaya ke ɗauka, kamar buɗe Word, kusan kunnen doki za ku yi. Fitar da bidiyo kuwa ana rarraba shi ne ga kowane core, to leburori biyu ba za su riga huɗu sauke tirela ba, ko da sun ɗan fi su zafin nama.

Shi GHz adadin bugun agogon furosesa ne a daƙiƙa guda, bai gaya maka yawan aikin da ake yi a kowane bugu ba. Pentium 4 ta kai 3.8 GHz tun 2004, amma da Core 2 Duo ta fito a 2006 tana gudu ƙasa da 3 GHz sai ta bar ta a baya, don ƙirarta ta fi cin aiki a bugu ɗaya. Abin da ya tsayar da tseren GHz zafi ne: ƙara gudu na buƙatar ƙarin boltej, wutar da furosesa ke ci kuma tana hauhawa fiye da yadda gudun ke ƙaruwa. Shi ya sa aka koma ƙara core. Harafin ƙarshe ma na da magana: U an tsara ta a kan wat 15 don batir ya daɗe, H kuwa 45, kuma i5 mai H takan doke i7 mai U ta zamaninsu ɗaya.

Kafin ka ɗora wa furosesar laifin duka, gwada zafinta, don a nan mafi yawan tsofaffin laftop ke asarar ƙarfi. Sauke manhajar HWiNFO mai nuna zafi da gudun furosesa, ka buɗe shafin na'urorin awo, ka sa bidiyo ya yi ta fita na minti goma kana kallo. In ka ga zafin ya doshi digiri 95 zuwa 100 sannan gudun ya faɗo ƙasa da 2.7, to furosesar ce ke rage wa kanta gudu don kada ta ƙone. Ƙurar hunturu kan taru ta zama kamar auduga tsakanin fanka da haƙoran ƙarfen da iska ke fita ta ciki, kuma hurawa daga waje ba ta fitar da ita. A buɗe bayan, a cire soket ɗin batir tukuna, a kwance fankar a share. A ɗaga bututun tagullar da ke kwashe zafi daga kan furosesar, a goge tsohon man kai zafi (thermal paste) da ya bushe a tsakaninsu da sifirit mai ƙarfi, a ɗiga sabo kamar ƙwayar shinkafa, a ɗaure sukurorin kaɗan-kaɗan bisa lambobin da ke jiki. In aka matse gefe ɗaya da farko, man ba ya bazuwa daidai. Man goge baki da wasu ke shafawa ɓarna ce kawai, bushewa yake yi.

In zafin bai wuce 70 ba amma gudun ya maƙale wajen 0.8 GHz ko ƙasa, caja za ka tuhuma. Laftop ɗin Dell da yawa suna tantance cajarsu ta siririn tsinken da ke tsakiyar bakinta, in ba su gane ta ba sai su danne gudun. Shiga BIOS, wato shafin saitin da ake buɗewa lokacin kunna laftop, ka ga ko ta nuna wat ɗin cajar.

Sai RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da furosesa ke aiki da ita, da wurin ajiya. Sanda biyu masu 4GB sun fi ɗaya mai 8GB saurin kai wa furosesa bayanai, don hanya biyu suke buɗewa, kuma sashen hoto na cikin furosesar ma daga RAM ɗin yake ci. Idan har yanzu HDD ce a ciki, wato tsohuwar ma'ajiya mai faifai, sa SSD, wadda ta fi ta sauri. Ba za ta rage lokacin fitar da bidiyo sosai ba, amma tashi da buɗe manhajoji za su sauya gaba ɗaya.

Furosesar kanta ba ta canzuwa, like take a jikin allon da dalma, kada wani ya karɓi kuɗinka a kan zai mayar maka da ita janareshon na takwas. In bidiyo ne abincinka, gyara wannan ka sayar, ka nemi ta takwas zuwa sama. Ko ba don gudu ba, 7500U ba ta cikin jerin da Microsoft ta amince wa Windows 11, ga shi tallafin Windows 10 ya ƙare tun Oktoban 2025.